Tsatsar saman taya: gyaran da ba ya cin aljihu a Tahoua

Adar, yankin da Tahoua take, ƙasa ce busasshiya. Ruwan da ke sauka a Tahoua a shekara bai cika wuce milimita 400 ba, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba. Amma duk wanda ya zaga garejin garin zai ga motoci da ƙarfen da ya kewaye saman tayarsu ya rube, fenti ya kumbura, wani wurin har yatsa na shiga. Daga ina tsatsa ta samu wannan ƙarfi a inda iska ba ta da laima?

Mafi yawanta baƙuwa ce. Motocin da muke hawa tsofaffi ne daga Beljiyam, Jamus da Faransa, inda ake watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara. Ƙarfe na tsatsa idan ya haɗu da ruwa da iska, gishiri kuma yana hanzarta aikin. Taya tana watsa ruwan gishirin cikin lungun da ke samanta shekara da shekaru, sannan motar ta sauka a tashar jirgin ruwan Kwatano, ko ta Lome tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, da cutarta a ɓoye ƙarƙashin sabon fenti.

Sauran aikin hanyoyinmu ne ke ƙarasa shi. Tsakuwar hanyoyin Keita da Bouza tana fasa fenti. Ramukan hanyar Tahoua zuwa Arlit, wadda aka gina don jigilar uraniyom, suna girgiza haɗin ƙarfe. Da damina taɓon ƙorama yakan maƙale a lungun, ya riƙe danshi bayan ƙasa ta daɗe da bushewa. Motar da ke ɗaukar dabbobi, gishiri ko kanwa zuwa kasuwannin Abalak da Tabalak kuwa, nata ya fi tsanani.

Gyaran mai sauƙi yana farawa da gano zurfin cutar. A cire taya, a wanke lungun, a kankare da burushin ƙarfe, sannan a danna bakin sukudireba. Idan ƙarfen ya tsaya daram, tsatsar a sama take: a goge har farin ƙarfe ya fito, a shafa jan fentin hana tsatsa, a bi shi da fenti. Mai mota da kansa zai iya wannan.

Idan kuwa sukudireba ta burma, babu makawa sai yanka. A nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu. Sai a cusa raga ko takarda a ramin, a lafta mastik, a fesa fenti, mota ta fito tana ƙyalli. Amma tsatsar tana ci daga ciki, mastik mai kauri kuma ba ya jure girgiza da zafin Afrilu. Kafin damina ta zagayo ya tsage, ramin ya ninka. Araha ba ta ado.

Ƙwararren mai walda yakan yanke ruɓaɓɓen wurin har ya shiga lafiyayyen ƙarfe. Ya ɗora kwali a kan ramin, ya zana siffarsa, ya yanko faci daga tsohuwar ƙofa ko murfin injin wata matacciyar mota, domin kaurinsu ɗaya ne, kimanin milimita guda. Nan ne ainihin ragin kuɗin yake, ba a sayen sabon ɓangare ba. Ya bubbuga facin da guduma har ya ɗauki lanƙwasar wurin, sannan ya ɗinke shi ɗigo-ɗigo, nan da can, yana barin ƙarfen ya huce, saboda wuta mai tsawo tana murɗe siririn ƙarfe. Kafin a kunna wuta dole a cire batir, a kuma kare tankin mai da bututunsa, waɗanda galibi suna dab da tayar baya. Mastik sai a ƙarshe, shafa kaɗan don daidaita fuska. Bayan facin, wanda ido ba ya gani, shi ya fi buƙatar fenti da baƙin shafi mai hana ruwa.

Mai shirin sayen mota ya tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu. Inda ya ƙi kamawa a gefen taya, mastik ne ba ƙarfe ba. Ya kuma leƙa ciki: idan ruɓar ta kai inda ƙafar mota ke ɗaure, magana ta wuce ta ado, ta zama ta rayukan fasinjoji.

Busasshiyar iskar Adar gata ce da mazauna bakin teku ba su da shi: ƙarfen da aka gyara da kyau a nan yana daɗewa. Abin da ya rage ga mai mota shi ne ya wanke taɓo bayan kowace tafiyar damina, ya kai motar gareji tun fenti na kumbura, ya kuma nemi a nuna masa facin kafin a rufe shi da fenti.