Hutun hunturu: Abin da yaran birni za su gani a fadamar Haɗeja da Guri

A tsakiyar watan Disamba ne makarantun firamare da na sakandare kan rufe domin hutun zangon karatu na farko, ba a komawa sai farkon Janairu. A gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa a Kano da Dutse da Kaduna da Abuja, tambayar da kan taso kowace shekara ita ce: ina za a kai yaran nan, kuma me za su yi har makonnin su ƙare?

Wasu iyayen kan biya kuɗin darasin hutu, wasu su ja manyan yaran zuwa shago. Masu hali kan leƙa wuraren wasa da ake biyan kuɗin shiga sau ɗaya ko biyu. Sauran kwanakin kuwa waya da talabijin ke cinye su.

Sai dai wannan hutu yana faɗowa daidai lokacin da fadamar Kogin Haɗeja, a arewa maso gabashin Jihar Jigawa, ta fi cika da rai. Ambaliyar damina ta janye, hanyoyi sun bushe, masunta suna cikin kakarsu, manoman rani sun shiga aiki, tsuntsaye kuma sun iso daga ƙasashe masu nisa. Iyalin da ke da dangi a Haɗeja ko Auyo ko Kirikasamma ko Guri, ko kuma aboki da zai sauke su, za su iya nuna wa yara a kwana uku abin da sai dai su karanta a littafi, kuma kuɗin mota ne mafi yawan abin da za a kashe.

Daga ina ruwan yake zuwa?

Kafin a tashi, yana da kyau uba ko uwa su san tarihin ruwan da za su nuna wa yaran. Kogin Kano da Kogin Challawa ne ke haɗuwa a Jihar Kano su zama Kogin Haɗeja, wanda ke bi ta Wudil da Ringim ya isa garin Haɗeja. Daga nan ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ga jigayin yashi jere, sai kogin ya rasa hanya guda, ya rarrabu zuwa rassa. Reshen Marma ya nufi tafkin Nguru, sauran kuma su ci gaba gabas har su haɗu da Kogin Jama'are wanda ya fito daga tsaunukan Jos. Daga wajen Gashuwa sunan kogin ya koma Komadugu Yobe, ya zarce zuwa Tafkin Chadi.

Ƙaramar Hukumar Guri, ɗaya daga cikin takwas ɗin da ke Masarautar Haɗeja, tana tsakiyar wannan rarrabuwa, a kan iyaka da Jihar Yobe. Garuruwanta irin su Kadira da Abunabo da Adiyani da Musari da Lafiya rayuwarsu a ɗaure take da hawa da saukar ruwa. Badawa da Mangawa da Hausawa da Fulani ne ke zaune a yankin, kuma gida ɗaya kan haɗa noma da su da kiwo, gwargwadon abin da lokaci ya kawo.

Ruwa kan cika fadamar daga Agusta zuwa Oktoba. Idan Disamba ya kama, ya koma cikin tafkuna da kududdufai, ya bar ƙasa mai laima. Wannan ne ya sa hutun hunturu ya fi na damina dacewa da ziyara.

Baƙin da ke tsallako Sahara

Kowane yaro a ƙasar Hausa ya ji cewa shamuwa ce ke kawo albishir ɗin damina. Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne, idan damina ta wuce shamuwa kan yi ƙaura zuwa kudancin Afirka, a daidai lokacin da wasu tsuntsayen ke isowa daga arewa. Agwagin daji da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da suka yi ƙwai a Turai da Rasha kan gudo wa sanyin can, su tsallake Bahar Rum da hamadar Sahara. Fadamar Haɗeja zuwa Nguru na cikin wuraren ruwa na farko da suke tararwa bayan hamadar. Sukan zauna har wajen Maris sannan su juya.

Masu nazarin tsuntsaye sun ƙirga nau'i sama da 350 a yankin. Ban da baƙin, akwai 'yan gida da yara za su iya koyon sunayensu: dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. Wanda ya yi sa'a zai ga gauraka, wadda yanzu ta yi ƙaranci ƙwarai a Najeriya.

Wurin da ya fi suna a ɓangaren Jigawa shi ne gandun Baturiya da ke Ƙaramar Hukumar Kirikasamma, maƙwabciyar Guri. A 2008 aka saka shi cikin jerin fadamu masu muhimmanci ga duniya ƙarƙashin Yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971, kuma faɗinsa ya haura hekta 100,000. A ɓangaren Yobe akwai Dagona, inda Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya kai ziyara a 1989. A 2020 hukumar UNESCO ta amince da yankin Haɗeja da Nguru da Bade a matsayin keɓaɓɓen muhalli, a shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta sanya fadamar Haɗeja cikin sababbin gandayen ƙasa 10 da ta amince a kafa.

Kallon tsuntsu da sassafe ake yin sa, ko da yamma liƙis. Ba ya bukatar wani kayan aiki, illa haƙuri da rage surutu. A ba kowane yaro littafin rubutu da fensir, ya zana abin da ya gani, ya tambayi mutanen gari sunansa da Hausa, in an samu har da Badanci ko Manganci. Danƙo kuwa a bar shi a gida. Kafin shiga gandu a nemi izinin ma'aikatan da ke kula da shi, a kuma gaisa da mai gari, shi zai haɗa baƙo da wanda ya san hanya.

Wajen masunta da manoman rani

Yaron birni ya san kifi a cikin miya ko a tiren mai suya. A bakin tafki zai ga yadda ake jefa birgi, da yadda ake kafa mali, da yadda masunci kan kwanta a kan ƙatuwar gora yana bin ƙugiyoyinsa. Zai bambance tarwaɗa da karfasa da kurungu. Zai kuma ji labarin gaiwa, kifin da ke shaƙar iska, wanda idan ruwa ya ƙafe yakan binne kansa cikin taɓo ya yi watanni har damina ta dawo. Daga nan a kai shi wurin banda ya ga yadda hayaƙi ke hana kifi lalacewa, kafin a ɗaure shi a kwali zuwa kasuwar kifi ta Haɗeja, inda fatake ke lodinsa zuwa Kudu. Ɗan ɗan kasuwa zai fahimci yadda farashi ke hawa daga hannu zuwa hannu fiye da yadda darasin aji zai koya masa.

A gonaki kuwa lokacin alkama ne. Alkama ba ta yi sai da sanyi, shi ya sa ake shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba a girbe wajen Maris. A Haɗeja ne Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin noman alkama na rani a Nuwamban 2023. Kusa da ita akwai albasa da tattasai da tumatir da kankana, ga injin ban-ruwa yana jawo ruwa daga kogi ko daga 'yar rijiyar burtsatse. A yankin Auyo za a ga magudanan Shirin Noman Rani na Kwarin Haɗeja, wanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi.

Itatuwa ma abin nunawa ne. Gawo yakan zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani, saɓanin sauran itatuwa, don haka ne manomi ba ya sare shi, makiyayi kuma ke son inuwarsa da 'ya'yansa. Goruba tana ba da 'ya'ya, da kabarta kuma ake saƙa tabarma da faifai da igiya. Yarinyar da ta zauna wuni ɗaya wajen gwaggonta mai saƙa za ta koma gida da abin da ta yi da hannunta.

Kwana ɗaya a cikin birnin Haɗeja

Haɗeja gari ne mai nauyin tarihi, kuma ana iya zagaya muhimman wurarensa a wuni guda. Labarin baka ya ce sunan ya samo asali ne daga wani maharbi, Haɗe, da matarsa Jiya. Bayan jihadi, Sarki Sambo ne ya kafa gidan sarautar da ke mulki har yau. Ɗansa, Sarki Buhari, ya yi suna wajen yaƙi da bijire wa Sakkwato, ya rasu a 1863. A watan Afrilun 1906 Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa, aka gwabza a cikin gari, aka kashe shi tare da jama'arsa da dama, abin da ya sa ake kiran sa Mai Shahada. Sarki na yanzu, Alhaji Adamu Abubakar Maje, yana kan karaga tun 2002.

Idan aka tsaya da yara a ƙofar fada, aka bi da su ta sauran ganuwa da ƙofofin gari, aka samu dattijo ya ba su labarin ranar da Turawa suka shigo, shekarar 1906 za ta zauna musu a kai ba tare da hadda ba. Wanda ziyararsa ta haɗa da Lahadi sai ya ƙara da shiga kasuwa, domin ranar take ci.

Da dare, bayan sallar Isha'i, sanyi kan tara mutanen gida wuri ɗaya. Nan ne kaka ke yin tatsuniya da kacici-kacici, 'yan mata su fita gaɗa, samari su yi langa idan akwai farin wata. Zai yi kyau iyaye su karɓe wayoyi na sa'a biyu. Zumunta a ƙafa take, kuma yaron da ya kwana a ɗaki ɗaya da 'yan uwansa na ƙauye ba zai manta da sunayensu ba.

Abubuwan kiyayewa

Ruwan fadama yana da haɗari ga wanda bai saba da shi ba. Na farko shi ne tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini. Ƙwayarta na rayuwa ne a jikin dodon-koɗin da ke cikin ruwa mai kwanciya, ta ratsa fatar wanda ya shiga wanka ko wasa. Saboda haka kada a bar yara su shiga tafki ko kududdufi, ko da sun ga 'yan gari suna yi. Idan aka ga jini a fitsarin yaro bayan an dawo, ko da an yi makonni, a kai shi asibiti a faɗa wa likita inda aka je, domin cutar tana da magani.

Na biyu shi ne kwalekwale. Kada a shiga wanda aka cika maƙil, kada a shiga bayan Magariba ko lokacin da iska ke kaɗawa, kuma a nemi rigar kariya daga nutsewa ga kowane yaro. In babu, kallo daga gaɓa ya wadatar.

Na uku shi ne sanyin kansa. A bakin ruwa asuba ta fi ta birni ɗaci. A tafi da rigunan sanyi da hula da safa da man shafawa, mai asma kuma ya riƙe maganinsa saboda ƙura. Kada a kwana da garwashi a ɗaki rufe, domin hayaƙinsa marar wari yana kisa cikin barci, ga kuma gobara da ta fi yawa a wannan lokaci. Sauro bai ƙare ba a fadama, don haka gidan sauro dole ne. A duba katin rigakafin yara, tunda lokacin sanƙarau na farawa ne da shigowar rani. Hazo kuma yana rage gani a kan hanya, sai a yi tafiya da rana.

Abin da ya haɗa famfon Kano da gonar Guri

Akwai abu ɗaya da duk mai ziyara zai gani ko bai tambaya ba: wata doguwar ciyawa da ta rufe ruwa iya ganin ido. Sunanta kacalla. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin kogin ya sauya. A da yakan cika da damina ya ƙafe da rani. Yanzu ana sakin ruwa duk shekara, ambaliyar da ke wanke hanyoyin ruwa kuma ta ragu, sai yashi da taɓo suka taru, kacalla ta samu wurin zama. Ta toshe wasu rassan har ruwa ya daina isa garuruwan da ke can gaba, ta karkatar da shi ya kwanta a gonakin wasu. A cikinta ne kuma tsuntsayen jan-baki ke kwana, su fito su far wa shinkafa da gero. Guri da Kirikasamma na cikin wuraren da abin ya fi shafa, kuma shekara da shekaru jama'ar garuruwan ke yin gayya suna yanke ta da hannu.

A farkon shekarun 1990, masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna abin da fadamar ke samarwa ta noma da su da itacen girki, suka gano cewa ruwan da aka bari ya malala cikinta ya fi kawo amfani nesa ba kusa ba a kan wanda aka karkatar zuwa manyan gonakin ban-ruwa na Kano. Madatsun nan su ne kuma ke ciyar da matatun ruwa na Tamburawa da Challawa, waɗanda birnin Kano ke sha daga gare su.

Wannan bayani ne da yaro ɗan aji shida zai gane idan yana tsaye a gaban kacallar: ruwan da ke zuba a famfon gidansu da wanda kawunsa ke jira a Guri daga kogi ɗaya suke. Cikin yaran da ke hutu a wannan wata ne za a samu injiniyoyi da manyan sakatarori da 'yan majalisar da wata rana za su yanke shawarar yawan ruwan da za a saki daga Tiga, kuma zai yi amfani a ce sun taɓa ganin wurin da ruwan ke ƙarewa da mutanen da ke jiran sa.