Kafin Ka Dangwala Hannu A Takardar Inshorar Lafiya

Tun da dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya a Najeriya, ga kuma hukumar KTSCHMA tana yi wa jama'ar Katsina rajista, bayanin ciwon mutum ya daina tsayawa tsakaninsa da likitansa. Kafin a biya kuɗin tiyata ko wani gwaji mai tsada, sai asibiti ta nemi amincewar mai biya. A nan ne sakaci yake shigowa. Za a miƙo wa majiyyaci takarda a nuna masa inda zai sa hannu, shi kuma ya dangwala ko layi ɗaya bai karanta ba. Daga nan ma'aikaci ya ɗauki hoton fayil ɗin gaba ɗaya da wayarsa ya tura ta WhatsApp, saboda gaggawa. Mutum ya zo aikin ƙaba, amma an haɗa da sakamakon gwajin ƙanjamau da tarihin ciwon ƙwaƙwalwarsa. Hoton kuma yana nan zaune a wayar da yara ke wasa da ita a gida.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya mayar da bayanin majiyyaci sirri, ba a fitar da shi sai da rubutacciyar yardarsa, ko umarnin kotu, ko inda doka ta buƙata, ko in ɓoyewar za ta jefa al'umma cikin haɗari. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta hana karɓar bayanai fiye da abin da aikin yake buƙata. Wani zai ce ai mai biyan kuɗi yana da haƙƙin sanin abin da yake biya, in ba haka ba asibitoci su cika shi da lissafin ƙarya. Gaskiya ne, sai dai abin da ya shafe shi shi ne ciwon da aka yi magani da kuɗin da aka kashe. Wani kuma zai ce ba shi da abin ɓoyewa. A gari irin Katsina da kowa ya san gidan kowa, magana ɗaya ta isa ta wargaza baiko ko ta hana mutum aiki.

Saboda haka, ɗan'uwa, kar ka sa hannu a takardar da aka bar gurabenta babu rubutu. In ba ka jin Turanci, a fassara maka. Tambayi wane shafi za a tura, kuma wa zai karɓa. In an fallasa ka, kai ƙara ga shugabannin asibitin ko hukumar kare bayanai ta NDPC. Ma'aikatan lafiya kuma ku ji tsoron Allah, fayil ɗin majiyyaci amana ce a hannunku.