Kunne Ne Ma'auni: Yadda Ake Zaɓe da Haɗa Risibar Sauti Domin Silimar Gida

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga gidan silima na zamani zai lura cewa sautin fim yana zuwa masa ta kowace fuska. Jirgin sama yakan taso daga bayan mai kallo ya wuce ta bisa kansa, ruwan sama ya riƙa zuba dama da hagu, muryar ɗan wasa kuwa ta tsaya cak a tsakiyar allo. A yau ana iya samar da irin wannan tsari a falon gida, wato abin da ake kira silimar gida, kuma na'urar da ke riƙe da ragamarsa ita ce risibar sauti. Mutane da dama sukan zuba kuɗi wajen sayenta suna bin manyan lambobin da aka rubuta a jikin kwali, daga baya su ga buƙata ba ta biya ba. Wasu kuma sukan sami ƙarar da suke nema, amma ta riƙa cinye musu ji a hankali ba su sani ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna wa mai karatu cewa ƙa'idojin zaɓen wannan na'ura da na haɗa ta duk sun samo asali ne daga yadda kunnen ɗan'adam yake aiki.

Mece Ce Risibar Sauti?

Kada mai karatu ya haɗa ta da risibar da ke kamo tashoshin tauraron ɗan'adam. Risibar sauti akwati ne mai ayyuka uku. Na farko, tana karɓar hoto da sauti daga na'urori daban-daban, kamar na'urar faifan bidiyo da ta wasanni da ta kallo ta intanet, ta miƙa hoton ga talabijin. Na biyu, tana warware sautin da aka dunƙule a cikin fim, ta raba shi zuwa layuka, kowane layi da lasifikarsa. Na uku, akwai amfilifaya a cikinta wadda ke ƙarfafa kowane layi har ya iya motsa lasifika.

Wannan fasaha ta daɗe tana bunƙasa. A shekarar 1931 wani injiniya ɗan Ingila, Alan Blumlein, ya yi rajistar dabarar sauti mai layi biyu, wato sitiriyo. A 1940 kamfanin Disney ya fitar da fim ɗin Fantasia da sauti mai layuka da yawa. Tsarin Dolby Digital ya bayyana a gidajen silima a 1992, na DTS kuma a 1993, sa'annan Dolby Atmos, wanda ya ƙara da sauti daga sama, ya biyo baya a 2012. Idan aka ga an rubuta 5.1, ana nufin lasifikoki biyar (hagu, tsakiya, dama, da biyu na kewaye) tare da wufa guda ɗaya, wato lasifikar da ke fitar da sauti mai kauri irin na tsawa. Idan kuwa 5.1.2 ne, to an ƙara biyu na sama.

Yadda Kunne Ke Gane Inda Sauti Ya Fito

Sauti kaɗawa ce ta iska, wadda ke tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa guda. Yawan kaɗawar a cikin daƙiƙa shi ake aunawa da Hz. Idan ya yi kaɗan sauti ya yi kauri, idan ya yi yawa ya yi siriri. Matashi mai lafiyar kunne yana jin daga Hz 20 zuwa kimanin Hz 20,000. Sauti yakan bugi dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa motsin zuwa wani sashe mai siffar katantanwa wanda ke cike da ruwa. A cikin katantanwar akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 16,000, waɗanda ke mayar da motsi ya zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Binciken yadda motsin ke gudana a cikin katantanwa shi ya jawo wa Georg von Békésy lambar yabo ta Nobel a 1961.

To, ta yaya ake gane cewa sauti daga dama ya fito? A 1907 masanin kimiyya Lord Rayleigh ya bayyana cewa ƙwaƙwalwa tana dogara da alamomi biyu. Alama ta farko ita ce bambancin lokaci: sautin da ya fito daga dama yakan riga isa kunnen dama da abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Ta biyu ita ce bambancin ƙarfi, domin kai yakan tare siririn sauti, ya isa kunnen hagu a raunane. Har ila yau, lanƙwashe-lanƙwashen fatar kunne ta waje suna ɗan sauya sauti gwargwadon inda ya fito, abin da ke taimakawa wajen rarrabe sama da ƙasa, gaba da baya.

Akwai wasu abubuwa biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin za mu sake komawa kansu. Na ɗaya, idan sauti iri ɗaya ya zo daga wurare biyu kusan a lokaci guda, ƙwaƙwalwa takan jingina shi ga wurin da ya fara isowa. Helmut Haas na ƙasar Jamus yana cikin waɗanda suka yi nazarin wannan a 1949. Na biyu, sauti mai kauri sosai yana da dogon zango: zangon kaɗawa ɗaya ta Hz 80 ya zarce mita 4, alhali faɗin kan mutum bai kai santimita 20 ba. Saboda haka a cikin ɗaki da wuya kunne ya nuna inda irin wannan sauti ya fito.

Abubuwan Dubawa Wajen Saye

Abu na farko shi ne yawan layuka. Kowace lasifika tana buƙatar wurin da za ta zauna a kusurwar da ta dace, don haka girman ɗaki da wurin zama su ne za su yanke hukunci. Ga matsakaicin falo, 5.1 ya wadatar. Idan kujera a jingine take da bango, lasifikokin baya na tsarin 7.1 ba su da inda za su zauna.

Abu na biyu shi ne ƙarfin wat, kuma a nan ne aka fi yaudarar masu saye. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Idan aka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ake ƙarawa, wanda ɗan ƙari ne a kunne. Kafin mutum ya ji kamar ƙara ta ninka sai an ƙara kimanin desibel 10, wato an ninka wat sau goma. Ke nan tsakanin risiba mai wat 80 da mai wat 100 bambancin desibel 1 ne, wanda da ƙyar kunne zai tsinta. Bugu da ƙari, a yi hattara da lambar da ake rubutawa da haruffan PMPO, wadda kan kai dubbai. Ba ta da tsayayyen ma'auni, kuma ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Lambar da za a nema ita ce ta ƙarfi mai ɗorewa, wadda aka fi sani da RMS, wadda aka auna aƙalla layuka biyu suna aiki tare, daga Hz 20 zuwa 20,000.

Abu na uku shi ne dacewa da lasifikoki. A jikin lasifika ko takardarta akan rubuta desibel nawa take bayarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Alal misali, wadda ke ba da desibel 88 da wat 1 za ta ba da 98 da wat 10. Wadda ke ba da 91 kuwa rabin ƙarfin waccan take buƙata kafin ta kai ƙara iri ɗaya. Akan kuma rubuta om 4 ko 6 ko 8, wato ma'aunin turjiyar lasifika ga wutar lantarki. Mai om 4 ta fi jan wuta, kuma za ta iya sa risibar da ba a yi ta domin haka ba ta yi zafi ta kashe kanta.

Abu na huɗu shi ne kafofin haɗi. A ƙirga na'urorin da ake da su, a tabbata kafofin HDMI sun ishe su, kuma risibar tana iya wuce da irin hoton da talabijin ɗin ke nunawa, kamar 4K. Kafa mai alamar ARC, ko eARC wadda ta zo a 2017, tana ba talabijin damar mayar wa risiba sauti ta waya guda.

Abu na biyar ya shafi masu sayen kayan gwanjo. Wutar gidaje a Amurka bolt 120 ce, a Japan 100, alhali a Nijeriya da Nijar tsakanin 220 ne da 230. Risibar da aka yi domin Amurka, idan aka jona ta kai tsaye, za ta iya ƙonewa nan take. A karanta rubutun da ke bayanta tukuna, idan ta kama a nemi taransifoma mai rage wuta. Inda wuta ke hawa da sauka kuma, sitabilaiza ta zama dole.

Jera Lasifikoki da Saita Na'ura

Hukumar sadarwa ta duniya, wato ITU, ta ba da shawarar yadda za a jera tsarin 5.1. Idan mai kallo yana fuskantar allo, lasifikar tsakiya ta kasance gabansa sosai, dab da ƙasan allo ko samansa, domin ita ke ɗauke da mafi yawan maganganun fim. Ta hagu da ta dama su karkata da digiri 30 kowace. Na kewaye kuma su kasance tsakanin digiri 100 da 120, wato a gefe, sun ɗan koma baya. Lasifikokin gaba su yi daidai da tsayin kunnen mutum yana zaune. Wufa kuwa, tun da kunne ba ya nuna inda sauti mai kauri ya fito, tana da 'yancin wuri. Dabara mai sauƙi ita ce a ɗora ta a kan kujerar zama, a kunna kiɗa, a zagaya ɗakin a durƙushe; inda aka ji kaurin ya fito sumul, nan ne mazauninta.

Kafin haɗa wayoyi a cire na'urar daga wuta. Kowace lasifika tana da kafa ja da baƙa, kuma wajibi ne ja ta tafi ga ja, baƙa ga baƙa. Idan aka juya guda ɗaya, za ta riƙa tura iska a lokacin da 'yar'uwarta ke ja, sai kaurin sauti ya ragu, murya kuma ta rasa mazauni. A kula kada silin waya ya taɓa ɗan'uwansa.

Daga nan sai saiti guda uku. Na farko shi ne nisa. A ɗauka lasifikar tsakiya tana nisan mita 3 daga kujera, ta kewaye kuma mita 1.5. Sautin ta kusa zai riga isowa da kimanin kashi 4 cikin dubu na daƙiƙa, kuma kamar yadda muka gani, ƙwaƙwalwa takan bi wanda ya fara zuwa. Idan aka auna nisan kowace lasifika da tef aka shigar, risiba za ta jinkirta na kusa domin duka su iso tare. Na biyu shi ne daidaita ƙara, ta yadda kowace lasifika za ta yi ƙarfi ɗaya a wurin zama. Na uku shi ne iyakar kauri, wadda aka fi sanyawa a Hz 80, domin duk abin da ke ƙasa da haka ya tafi ga wufa, ƙananan lasifikoki su huta. Yawancin risibobin yanzu suna zuwa da makirufo da ke yin waɗannan awo da kansa, kamar tsarin YPAO na Yamaha da Audyssey na Denon da Marantz. A ajiye makirufon a tsayin kunne, a yi shiru har ya gama.

Shi ma ɗakin yana da nasa tasiri. Bangon siminti da daɓen tayil suna mayar da sauti, magana ta riƙa cakuɗewa. A tafa hannu sau ɗaya. Idan aka ji amsa-kuwwa, kafet da labule masu kauri za su taimaka ƙwarai. Ita kuma risibar a bar mata sarari ta sama domin zafi ya fita, a rufe ta da ƙyalle a lokacin ƙurar hunturu, amma sai tana kashe.

Kare Lafiyar Ji

Ƙwayoyin nan masu gashi na cikin katantanwa, idan ƙara ta kashe su, ba sa sake tsirowa a jikin ɗan'adam. Bincike ya nuna a 1988 cewa tsuntsaye suna sabunta nasu, amma mu ba mu da wannan baiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa baligi zai iya sauraron desibel 80 har na awa 40 a mako ba tare da haɗari ba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. A desibel 95 abin da ya rage bai kai awa ɗaya da rabi a mako ba. Hukumar ta kuma yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Idan sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ko kunnenka yana tsuwa bayan kallo, to ƙarar ta wuce kima. Idan maganar 'yan wasa ce ba ta fita, a ƙara wa lasifikar tsakiya kaɗai desibel 2 ko 3, ko a kunna saitin dare wanda ke rage ƙarar fashewa. Maƙwabta ma za su ji daɗin hakan, domin sauti mai kauri ya fi ratsa bango.

Gwaji Domin Aji

Malami zai iya nuna wa ɗalibai bambancin lokaci da tiyo mai tsawon mita ɗaya. A yi alama a tsakiyarsa, ɗalibi ya kara bakunan biyu a kunnuwansa, tiyon ya zagaya ta bayansa, ya rufe ido. Wani ya ƙwanƙwasa tsakiyar da fensir a hankali. Zai ji sautin a tsakiyar kansa. A matsa santimita kaɗan zuwa dama, nan take zai ce daga dama ne. Ɗalibai su auna mafi ƙanƙantar tazarar da kowa ya iya ganewa, su ninka ta biyu, su raba da saurin sauti, domin su gano bambancin lokacin da ƙwaƙwalwarsu ta tsinta.

Kammalawa

A taƙaice, mai neman risibar sauti ya fara da auna ɗakinsa, ya zaɓi layukan da ɗakin zai ɗauka, ya duba ƙarfi mai ɗorewa da om da bolt, sa'annan ya ba saiti lokacinsa. Na'ura mai matsakaicin kuɗi da aka jera bisa ƙa'idar kunne ta fi mai tsada da aka jibge a lungu guda. Risiba idan ta ƙone akan kai ta gyara ko a sayi wata, ƙwayoyin ji kuwa waɗanda aka haifi mutum da su ne zai yi amfani da su har tsufansa, don haka rigakafi ya fi magani.