Kwanon da ba a roƙo da shi: Yadda sufayen addinin Buddha ke rayuwa a Tailan

Tun kafin rana ta fito, a titunan Bankok da ƙauyukan Tailan, ana ganin jerin maza masu ƙwal-kwabo, yafe da mayafi ruwan goro, suna tafiya ba takalmi, kowa rungume da kwanonsa. Mutane na jiran su a ƙofar gida ko bakin kasuwa da shinkafa da miya da kayan marmari. Sufin ya buɗe kwano, a zuba, ya rufe, ya wuce.

Baƙo zai ɗauka bara ce. Amma a dokar waɗannan sufaye, waɗanda ake kira bikku, babu buɗe baki a roƙi abinci, babu zaɓen gidan da ya fi iya girki. A fahimtar mabiya addinin, mai bayarwa ne ke cin riba, domin shi ya samu damar tara lada. Shi ya sa shi ne ke durƙusawa.

Tsarin ya samo asali ne daga Siddhartha Gautama, wanda aka fi sani da Buddha, da ya rayu a yankin arewacin Indiya kimanin shekara 2,500 da suka wuce. A Tailan, inda fiye da kashi 90 cikin 100 na jama'a ke bin addinin, akwai gidajen ibada sama da 40,000, kuma tafarkin Theravada suke bi, kamar Siri Lanka da Miyamma da Kambodiya da Lawos.

Cikakken sufi, wanda sai ya kai shekara 20 ake karɓarsa, yana ƙarƙashin dokoki 227 da ake karantawa a bainar 'yan'uwa duk mako biyu, ranar cikar wata da ranar ɓuyansa. Huɗu daga ciki ba su da gyara: kusantar mace, sata, kisan mutum, da ƙaryar cewa ya kai wani matsayi na ruhi da bai kai ba. Wanda ya aikata ɗaya ya fita ke nan har ƙarshen rayuwarsa. Yara masu koyo kuwa dokoki 10 ne a kansu.

Abin lura shi ne yadda dokoki da yawa ke kewaye da cikin sufi. Ba ya noma, domin an hana shi haƙa ƙasa ko sare tsiro. Ba ya karɓar kuɗi, ko da yake a birane wannan doka ta yi sako-sako ƙwarai. Ba ya ajiye abincin yau zuwa gobe, kuma ba ya cin abin da ba a miƙa masa ba. Daga rana ta yi tsaka, ya gama cin abinci sai wayewar gari. Idan aka haɗa waɗannan, sakamakon ɗaya ne: duk yadda sufi ya so kaɗaici, dole gobe da safe ya fito ya haɗu da jama'a. Su su ciyar da shi, shi kuma ya koyar da su, ya jagoranci jana'izarsu, ya sa albarka a sabon gida.

Sauran yinin ya danganta da wurin. A gidajen ibada na birni ana ci sau biyu, da safe da kuma kafin sha biyu, sannan a shiga karatun harshen Pali, wanda da shi aka adana nassoshin addinin. A na daji, irin su Wat Pah Nanachat da Ajahn Chah ya kafa a 1975 domin baƙi daga ƙasashen waje, ana tashi da misalin ƙarfe 3 na dare a yi rera karatu da zaman tunani, a ci sau ɗaya tak, sai shara da ɗinki da rinin mayafi.

Da damina, wajen Yuli zuwa Oktoba, sufaye kan zauna wuri ɗaya wata uku ba tafiya. A lokacin ne samari da dama ke shiga sufanci na wucin gadi, galibi domin iyayensu su samu lada, sannan su cire mayafi su koma aiki ba tare da wani abin kunya ba. Marigayi Sarki Bhumibol ya yi kwana 15 a matsayin sufi a 1956. Haka nan a 2018, yara 11 daga cikin 'yan ƙwallon da aka ceto daga kogon Tham Luang sun yi kwana tara a gidan ibada domin girmama mai ninƙayar da ya rasu a aikin ceton.

Sai dai dogaron nan da kwano ya zo da matsalar da magabata ba su hango ba. Mai bayarwa na yau yana sauri zuwa ofis, don haka sai ya sayi abincin leda a bakin titi: soyayye, mai maiƙo, da kayan zaƙi. Sufi kuwa ba shi da ikon cewa a'a. Bayan azahar kuma, da yake an halatta abin sha, da yawa kan kashe yunwa da lemon kwalba da shayi mai sukari. Motsa jiki irin na guje-guje ana ganinsa bai dace da mai mayafi ba. Wani bincike na Jami'ar Chulalongkorn ya nuna kusan rabin sufayen da aka duba na fama da ƙiba, kuma ciwon sukari da hawan jini sun zama ruwan dare a asibitin da aka keɓe musu a Bankok.

A 2017 hukumomin addini da na lafiya suka fitar da wani kundin kula da lafiyar sufaye. Ana ƙarfafa musu yawan tafiya da sharar harabar gidan ibada, amma babban saƙon ga masu bayarwa aka nufa: a rage sukari da gishiri da mai, a ƙara ganye, tun da abin da hannunsu ya zuba shi sufin zai ci.