Matse Hoton Kiran Bidiyo: Wace Dabara Ta Dace da Wayoyin Daura?

Da za a tura hoton kiran bidiyo yadda kyamara ta ɗauke shi, datar gigabayit ɗaya ba za ta kai rabin minti ba. Abin da ya sa mutumin Daura ke iya ganin mahaifiyarsa tana Makka ba tare da ya tsiyace ba shi ne dabarar matse hoto: waya na tura abin da ya motsa kaɗai, leɓe da ido, ta bar bangon ɗaki yadda yake.

Dabarun suna da yawa. H.264, wadda aka fitar a 2003, ita ce tsohuwar hannu, kuma a kanta Zoom ya ginu. A 2013 H.265 ta zo da alƙawarin rage data da kusan rabi, amma rikicin kuɗin lasisi ya sa kamfanoni da dama suka ja baya. A shekarar ce kuma Google ya fito da VP9 kyauta. Sai AV1 a 2018, wadda gamayyar kamfanoni irin su Google da Microsoft da Netflix suka haɗa, ba kuɗin lasisi, kuma ta fi sauran iya matsi.

To me ya hana kowa komawa kanta? Wayar da ke hannu. Matsi mai tsanani lissafi ne mai nauyi. Kusan kowace Tecno ko Itel na da ɓangare na musamman a cikinta da ke sarrafa H.264 ba wahala, amma galibin masu araha ba su da irinsa don AV1. Sai ƙwaƙwalwar wayar ta ɗauki aikin, ta yi zafi, caji ya zube. A inda ake biyan mai caji kafin waya ta farfaɗo, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma ga ɗan kasuwar Mai'adua ko mazaunin Kongolam a bakin iyakar Nijar, inda sabis ke hawa da sauka, AV1 kan riƙe fuska a fili lokacin da H.264 ta dagargaje. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, rangwamen data da AV1 ke kawowa ya ƙara daraja.

Mai waya dai ba shi ke zaɓa ba, manhaja ce ke yanke hukunci. Abin da ke hannunsa shi ne kunna wurin rage cin data a WhatsApp, da zama wuri guda mai haske, domin duhu da yawan motsi na ƙara wa kowace dabara aiki.