Sulhu Tsakanin Gona da Garke a Ƙasar Arewa

Daga Dogondutsi zuwa Tibiri, babu lokacin da ya kai kaka saurin haifar da rigima. Gero ya nuna, wake na cikin gona, makiyaya kuwa sun fara gangarowa kudu neman ruwa da ciyawa a Dallol Mawri. Jama'a ta ƙaru, gonaki sun ci burtali a wurare da yawa, saboda haka dare ɗaya ya isa garke ya cinye wahalar damina. Rikicin manoma da makiyaya da ya faru a Toda ta jihar Maradi a watan Oktoba 1991, inda aka kashe mutane fiye da 100, ya nuna inda ramuwar gayya ke kai al'umma.

Arawa, mutanen ƙasar Arewa, sun daɗe da sanin raba gardama. Dutsen Tunguma na Lugu, garin Sarauniya, ya yi suna a kan haka. Dokar ƙasa ma ta bai wa sulhu muhimmanci. Kundin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993 ya kafa hukumomin kula da filaye, da ake kira COFO, kuma ya tanadi cewa rikicin fili ya fara bi ta hannun sarakunan gargajiya kafin ya je kotu. Dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar wa makiyayi 'yancin zirga-zirga da dabbobinsa.

Idan an yi ɓarna, mai gona ya kai kuka wurin maigari, a kira mai dabbobi da shugaban makiyaya. A taka zuwa gonar tare da shaidu, a ƙiyasta dami nawa aka yi asara, a daidaita kan diyya. In abin ya gagara, sai gaban sarkin kanto. Duk abin da aka cimma a rubuta shi, kowa ya sa hannu, domin maganar baka ita ke sake tayar da faɗa baɗi.

Alƙali yana yanke hukunci, amma gobe manomi na buƙatar taki da nono, makiyayi na buƙatar kara da harawa. Sulhu ne ke kiyaye wannan cuɗanya. Sharaɗinsa ɗaya ne: mai shiga tsakani ya zama adali. Ranar da aka gane yana karɓar na goro ko yana fifita danginsa, mutane za su daina zuwa ƙofarsa, su koma ga sanda da adda.