DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: OBA-OBA A MAIDUGURI

Ran 14 ga watan Mayu, 2013, Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Goodluck Jonathan, ya kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa. Ba a yi kwanaki ba aka katse wayar salula a Maiduguri, aka yi watanni mutum ba ya jin muryar ɗan'uwansa sai ya taka ya je. Ma'aikatan tsaro kuwa suka ci gaba da magana ta oba-oba, na'urar nan da aka mayar tsohon yayi tun zuwan salula a 2001, domin ita ba ruwanta da turken kamfani.

To, amma mallakar tsohuwar oba-oba daban, sa ta ta yi magana daban. Aikin farko shi ne a gane irinta. Akwai 'yar takarda a ƙarƙashin batirin ta hannu, ko a jikin ta mota, wadda ke ɗauke da lambar samfuri. Lambar ce ke nuna ko ta zangon VHF ce, mai megahaz 136 zuwa 174, ko ta UHF, wajen 400 zuwa 470. Waɗannan biyu ba sa jin juna ko da an ajiye su kan tabarma ɗaya. In takardar ta goge, eriyar mota takan ba da haske: miƙaƙƙiyar ta VHF takan kai kamu guda, ta UHF kuwa ba ta cika taƙi ba.

Daga nan sai saiti. Na shekarun 1970, kowace tasha da nata ɗan dutse da ake kira kiristal, sai an sake shi tasha ke sakewa. Na baya, irin su Motorola GM300 da GP300 na farkon shekarun 1990, da kwamfuta ake saita su, ta wata waya ta musamman da manhajar zamanin DOS, wadda sau da yawa takan ƙi aiki a kwamfutar yau mai sauri. Gwanin gyara yakan fara kwafe saitin da ke ciki ya adana, sa'an nan ya rubuta sabo, kuma da batir yake aiki, saboda in wuta ta ɗauke ana cikin rubutu na'urar na iya lalacewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a birnin da aka rushe wa turakun lantarki a Janairun 2021. Haka nan akwai wani siririn sauti da ke tafiya tare da murya, wanda in bai dace da na sauran ba, mai kira zai yi ta magana ba mai jin sa. Ba a kuma danna maɓallin magana babu eriya, don kada na'urar ta ƙone.

Saboda muhimmancin wannan aiki, a watan Nuwamba na 2016 aka kafa sashen sadarwar gaggawa na ma'aikatan agaji ƙarƙashin Hukumar Samar da Abinci ta Duniya, ya riƙa saita musu oba-oba a Maiduguri don aiki a garuruwa kamar Bama da Dikwa da Monguno, inda kuskuren lamba ɗaya ke iya raba ayari da masu ceto.

Wanda ya tsinci tsohuwar oba-oba a kasuwa kuwa, ya tuna dokar 1961 ta hana amfani da ita sai da lasisin hukuma. Kafin ya nemi mai saiti, takarda ya kamata ya fara nema.